Tsohuwar Fijon Baba Ba Ta 'Yan Gwangwan Ba Ce

Duk wanda ya zaga unguwannin Birnin Kebbi, daga Makerar Gandu zuwa Badariya da Rafin Atiku, ko ya bi lungunan Argungu, da wuya ya koma gida bai ci karo da ita ba: tsohuwar Fijo 504 a gindin darbejiya, tayoyi sun sace sun nutse a rairayi, ƙura ta rufe gilashi, akuya ta mai da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Mai ita ya tsufa ko ya riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansa kuwa kowa na jiran wani ya fara maganar yadda za a yi da ita. Wanda ya fi kowa sanin darajarta a yau shi ne ɗan gwangwan, domin shi ne kaɗai ke tsayawa ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya lissafa kilo nawa za ta yi a kan sikeli.

A kan bencin da ke kusa da motar, jikan mai ita na zaune da wayarsa yana kallon bidiyon wasu Amurkawa, uba da 'ya'yansa, suna tayar da motar 1932 a garejin gidansu. Zai danna alamar so, ya tura wa abokai, ya ce Turawa sun iya ɓarnar kuɗi. Bai lura ba cewa abin da ya ƙona data yana kallo yana nan taku uku daga inda yake zaune.

Ya kamata gidajen da ke da irin wannan mota su dakata kafin su kira mai sikeli. Tayar da ita a matsayin aikin iyali, kaka da uba da 'ya'ya maza da mata, yana daga cikin hanyoyin koyon fasaha mafi araha da suka rage a hannun talaka a jihar Kebbi, kuma ƙofarsa na rufewa, saboda motocin na ƙarewa a hannun masu narka ƙarfe, tsofaffin makanikan da suka san cikinsu su ma suna ƙarewa.

Asalin abin da ake kallo a bidiyo

Abin da Amurkawa ke kira hot rod bai faro a matsayin wasan attajirai ba. A shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, matasan kudancin jihar Kalifoniya ne suka riƙa sayen tsofaffin motocin Ford da ba mai so, su cire duk abin da ke ƙara musu nauyi, su gyara injin da hannunsu, su tafi busassun tafkuna na hamadar Mojave su gwada gudu. Ford ɗin 1932 ta zama abar so a wurinsu ne saboda ta zo da inji mai silinda 8 a farashin da ma'aikaci zai iya saye. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin da suka koyi walda da kanikanci a bakin aiki suka dawo gida suka ƙara wa harkar ƙarfi. A 1948 aka fara buga mujallar Hot Rod, a 1951 kuma Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA, babban dalilinsa shi ne a janye matasa daga tsere a kan titunan gari zuwa fili mai doka da masu duba lafiyar mota.

Ke nan, tushen abin shi ne mota mai araha wadda take ko'ina, wadda kowane makanike ya san ta. Wanda zai kwaikwaye su a Kebbi ba ya buƙatar ya nemo Ford daga Amurka da dala. Motar da ta taka wannan rawa a ƙasar Hausa Fijo ce.

An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, ta lashe kambun motar shekara ta Turai a 1969, sannan a 1975 ta ci gasar Safari ta gabashin Afirka, gasar da ta shahara wajen karya motoci. A wannan shekara ta 1975 ne kamfanin PAN ya fara haɗa motocin Peugeot a Kakuri cikin Kaduna, kuma Najeriya ta ci gaba da haɗa 504 har tsakiyar shekarun 2000, shekaru da dama bayan Faransa ta daina. Ita ce motar kwamishina, ita ce ta malamin makarantar da ya samu bashin mota, ita ce tasin da ke jigila tsakanin Sakkwato da Birnin Kebbi. Yayarta 404, musamman akori-kura, ta ɗauki buhunan shinkafa da kwandunan kifi fiye da yadda za a iya ƙirgawa. Gidan da nasa rabon Bosuwaja ce, ko tsohuwar Marsandi, ko Land Rover, shi ma maganar ta shafe shi, amma Fijo ta fi yawa, kayanta sun fi samuwa.

Motar da ba ta ɓoye cikinta

Masu bibiyar sababbin wayoyi sun san yadda abin yake. Wayar yau a manne take da gam, batirinta a binne, idan wani ƙaramin abu ya lalace a kan allonta na ciki mai gyara zai ce a canza allon gaba ɗaya. Abin ya kai har Tarayyar Turai ta yi doka a 2023 da za ta tilasta wa kamfanoni, daga 2027, su riƙa yin na'urorin da mai su zai iya canza musu batir. Motocin zamani ma sun bi wannan layi. Tun 1996 motocin da ake sayarwa a Amurka ke zuwa da kafar OBD-II, inda ake jona 'yar na'ura irin ELM327, a haɗa ta da waya ta Bluetooth, manhaja irin Torque ta karanto lambar matsala. Wannan ci gaba ne, babu musu. Sai dai yaron da ya tashi a kai zai iya karanta lambar, ya canza abin da aka ce ya canza, ba tare da ya taɓa fahimtar me ya sa inji ke tashi ba.

504 ba ta da kafar da za a jona komai. Idan aka ɗaga murfin gaba, duk abin da ke faruwa yana gaban ido. Ga fetur yana tahowa daga tanki zuwa kafireto, inda yake gauraya da iska. Ga kwayil yana ɗaga wutar batir mai bolt 12 zuwa dubban bolt, ga distiributa tana rarraba ta ga fulogi huɗu, kowanne a lokacinsa. Ga ruwa yana zagayawa ta lagireto. Injinta mai kusan lita 2 an yi shi ne da silif masu fita, wato hannun rigar da fistin ke kai-komo a ciki ana iya zare shi a sa sabo, ba sai an jefar da injin ba. Waɗanda suka zana ta sun zana ta ne da niyyar a riƙa kwance ta ana mayarwa. Darasin fiziks da ɗalibin sakandare ya haddace don WAEC ya manta, na wutar lantarki da zafi da matsin ruwa, a nan zai riƙe shi da hannu, wani lokacin ma ya ji shi a jikinsa idan ya taɓa wayar fulogi inji na aiki.

Sauran ilimin kuwa yana kan mutane ne. A Birnin Kebbi da Argungu da Jega akwai dattawan makanikai da suka shekara talatin ko arba'in a cikin Fijo, waɗanda za su kara sukurdireba a jikin inji su sa kunne, su faɗi wane bawul ne ke ƙara. Yawancinsu ba su rubuta komai ba. Yaransu na gareji sun koma Toyota da Honda da Keke Napep, inda abinci yake, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Idan dattijon ya tafi, abin da ya sani ya tafi da shi.

Ga mai ganin cewa wannan duk wasan tsatsa ne, yana da kyau ya tuna da Jelani Aliyu. A kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi, wadda yanzu ake kira Waziri Umaru, ya yi karatun zanen gine-gine ya gama a 1988, lokacin garin na cikin tsohuwar jihar Sakkwato. Daga nan ya tafi College for Creative Studies a Detroit, ya gama a 1994, ya shiga General Motors, kuma zanensa ne ya zama samfurin Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007. A 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar NADDC mai kula da ƙira da bunƙasa motoci a Najeriya. Ba kowane yaron da ya kwance kafireto ne zai kai Detroit ba, amma garin da ya yaye irin wannan mutum bai kamata ya riƙa kallon ƙira a matsayin abin da sai a bidiyo ba.

Inda waya ke shigowa

Abin da ya sa aikin ya fi yiwuwa yau fiye da shekara ashirin da suka wuce shi ne wayar da ke aljihun jikan. Babban abin da ke kashe irin wannan aiki shi ne mantuwa: an kwance abu a watan Janairu, an zo mayarwa a watan Yuni, ba wanda ya tuna wace waya ce ke shiga ina. Maganin wannan kyamara ce. Kafin a kwance kowane noti a ɗauki hoto, a sa ƙananan kayan a leda a rubuta suna, a adana hotunan a Google Photos ko wani ma'adani na intanet, don kada wayar ta faɗa ruwa aikin wata shida ya bi ta.

Littattafan gyaran Fijo mafi cikakken bayani da Faransanci suke, kuma a da wannan katanga ce. Yanzu Google Lens na fassara shafi da zarar an haska masa kyamara. Fassarar takan yi tuntuɓe a sunayen kayan inji, amma lambobi ba sa buƙatar tafinta: tazarar bakin fulogi, ƙarfin da za a ɗaure notin kan inji, jerin yadda silinda ke kama wuta. Bidiyon masu tayar da 504 a Faransa da Ajantina da Masar da Kenya sun cika YouTube. Kayan da aka rasa a gida kuwa, hoto ɗaya ta WhatsApp zuwa ga ɗan kasuwa a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya isa a san ko akwai. Kebbi na da wata falala a nan, domin tana iyaka da Nijar da Benin, ƙasashen da Fijo ta yi zamani a cikinsu, kuma mai dangi a Gaya ko Dosso ko Malanbil na da ƙarin wurin tambaya. A dai yi hattara da tura kuɗi ga wanda ba a sani ba don an ga hoton kaya a Facebook ko Jiji. Hoto ba ya nuna ko fistin ya tsage.

Aikin da ya fi duk waɗannan daraja shi ne wanda ba a cika tunawa da shi ba. Duk ranar da dattijon makanike ya zo, a nemi izininsa a kunna kyamara, a bar shi ya yi bayani da Hausarsa, da sunayen da ya san kayan da su. Bayanin gyaran mota da Hausa ya yi ƙaranci a intanet ƙwarai, kuma yaron da ya jera irin wannan bidiyo talatin a TikTok ko YouTube ya tara abin da babu irinsa, ko da motar ba ta taɓa tashi ba. Dattijon kuma a biya shi haƙƙinsa, a sa sunansa, kada a mai da iliminsa abin neman mabiya shi kuwa a sallame shi da goro.

Maganar gado kafin maganar sifana

Ana cewa aikin iyali kamar abu ne mai daɗi kawai. Duk wanda ya san gidajen Hausa ya san cewa tsohuwar mota na iya raba zumunci. Idan mai ita ya rasu, ta shiga dukiyar gado, kuma a cikin magada akwai matan mamaci, akwai 'ya'ya mata da suka yi aure a wani gari, wataƙila akwai marayu ƙanana. Ɗa ɗaya ba shi da ikon ya ce ya ɗauki motar Baba zai gyara don kawai shi ne ke da sha'awa. Sai an yi mata kuɗi, an san rabon kowa, sannan ko dai masu so su biya sauran, ko kowa ya yarda a bar ta a matsayin tarayya, a rubuta a sa shaidu. Rigimar ba ta tashi lokacin da motar ke ƙarƙashin ƙura. Tana tashi ne ranar da ta sha fenti, wani ya taya da kuɗi mai kauri, sai kowa ya tuna cewa ta ubansa ce.

Haka ma kuɗin da za a kashe. Wanda ke aiki a Abuja zai turo, wanda ke gida zai ba da lokacinsa da guminsa, kuma idan ba a rubuta ba, bayan shekara kowane ɗaya zai ga shi ne ya fi wahala. Shafi ɗaya na Google Sheets da kowa ke iya buɗewa, da hoton kowane rasit a zauren WhatsApp na gida, sun isa su kashe rabin zargin tun bai taso ba.

Sannan kada a ware mata a ce nasu kawo abinci ne. Aikin wayoyin lantarki na mota aiki ne na natsuwa da bin zane, ba na ƙarfin damtse ba, kuma ɗalibar da ke karanta injiniyanci a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero na iya fin yayyenta duka iya riƙe mita. A Sakkwato, ƙungiyar Nana ta buɗe garejin da mata ke koyon kanikanci suna gyara motocin jama'a, kuma sama ba ta faɗo ba. Ɗinkin kujeru ma fanni ne mai zaman kansa, a yankin da ya gaji jima da dukanci. Kujerar 504 da aka lulluɓe da jar fatar akuya ta Sakkwato, ɗinkin badukun gida, ta fi duk wata kwalliyar roba da za a yo oda daga Sin.

Masu cewa ɓarnar kuɗi ce

Suna da hujja, kuma bai dace a raina ta ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, mota mai kafireto ta zama abar tsoro, domin 504 ba ta san tsimi ba. Gidan da ke lissafin taki da injin ban-ruwa don noman rani a fadamar gulbin Rima, ko kuɗin makaranta, ba shi da dalilin zuba kuɗi a motar da ba za ta kawo ko sisi ba a shekarar farko. Wanda ke wannan hali, idan ya sayar wa 'yan gwangwan ya sayi taki, ya yi daidai, ba mai zarginsa.

Amma akwai gidaje da yawa da ba a nan suke ba, waɗanda ke canza waya duk shekara, a saya wa ɗa babur na gayu, a kashe kuɗin anko da na ɗaukar hoton biki. A irin waɗannan gidaje zancen ba na rashi ba ne. Kuma aikin ba ya neman kuɗin a dunƙule: wata ɗaya burki, wani watan walda, a tsaya lokacin damina ko azumi, a ci gaba bayan girbi. Zai iya ɗaukar shekara biyu ko uku, kuma jinkirin na da amfani, domin a cikinsa ne yaran ke koyo. Wanda ya tattara motar ya kai gareji ya ce a kira shi idan an gama, ya sayi mota ne kawai da tsada.

Kada kuma a yaudari kai da batun riba. Gaskiya ne masu tara tsofaffin motoci a Turai na neman wasu nau'o'in 504, musamman mai ƙofa biyu da mai buɗaɗɗen sama, amma waɗannan ba su ne ke kwance a Badariya ba. Wanda ya shiga don ya sayar ya ci riba zai fi yin asara. Abin da ake samu shi ne mota mai tafiya, da yara uku ko huɗu da suka iya walda, suka iya bin zanen lantarki, suka daina jin tsoron buɗe abu. Yaron da ya gano inda wuta ke zurarewa a wayoyin Fijo ba zai tsaya kallon inbata ko famfon sola ya rasa ta inda zai fara ba, kuma waɗannan su ne sana'o'in da fadamun Kebbi ke nema yanzu.

Burki kafin inji

Inda ya kamata a rabu da bidiyon Amurka shi ne wajen gudu. Matashi na ganin hot rod abin da ke zuwa ransa shi ne a cusa ƙaton inji, a cire salansa, a tayar da ƙura a gaban gidan biki. Wasan mota a bukukuwa da ranakun kammala makaranta ya riga ya ci rayuka a biranen arewa, ba ya buƙatar ƙarin kayan aiki. Lissafin ba ya canzawa: idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar da mota ke buƙata kafin ta tsaya bayan an taka burki tana ninkawa kusan sau huɗu. Jikin 504 an auna shi ne da ƙarfin injinta, ba ta da jakar iska, ba ta da burkin ABS, kuma hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu ta Ambursa hanya ce ta shanu da amalanke da 'yan acaba.

Saboda haka jerin aikin ya kamata ya fara daga ƙasa. Salun ɗin 504 ba ta da shasi daban, jikinta ne ƙashin bayanta, don haka idan tsatsa ta cinye ƙasan ƙofofi da wurin da shokazoba ke zama, fenti ba zai cece ta ba. A fara kiran mai walda ya duba ya faɗi gaskiya, idan ta wuce gyara a haƙura a cire kayanta masu amfani. Bayan haka sai burki, a canza duk robobi da tiyo da man burki, domin roba na tsufa ko ba a taka ta ba. Kada a hure ƙurar tsohon burki da baki ko da iska, saboda na da can ana yin su da asbestos mai lalata huhu. Taya kuwa tana ɗauke da shekarunta a gefenta, lambobi huɗu: 2319 na nufin sati na 23 na 2019, kuma tayar da ta kwana biyu a zafin Afrilu na Kebbi, mai haura digiri 40, ba abar dogaro ba ce ko zanenta bai goge ba. Injin da ya shekara goma a kwance ba a jona masa batir a murɗa makulli. Ana cire fulogi, a zuba ɗan mai a silinda, a bar shi ya jiƙa, a juya shi da hannu. Ba a shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai, ba a walda kusa da tankin da ba a cire ba.

Zamanantarwar da ta dace da ita ba ta da hayaniya. A musanya kwantak da na'urar kunna wuta ta lantarki wadda ba ta buƙatar saiti kowane wata, a sake wayoyi da fis masu kyau, a sa fitilun LED, bel na kujera, kafar cajin USB, da 'yar na'urar bin sawu ta GPS. Idan allon gudu ya mutu, manhajar GPS a waya za ta riƙe wurin kafin a samu nasa. Wanda ya canza inji ko launi kuma ya je ofishin lasisi a gyara takardu, ya kai wa jami'an VIO su duba, ya yi inshora. Motar da aka haɗa a Kaduna na da sauƙi ɗaya a nan, ba ta da rigimar takardun kwastan irin ta motocin da ake shigowa da su ta kan iyaka.

Gas ko batir?

Wannan ce tambayar da matasa suka fi yi. Mai da injin fetur ya koma amfani da gas abu ne da manoman rani a arewa suka riga suka gwada a injinan ban-ruwa bayan tashin farashin mai, kuma gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin CNG a 2023. Injin kafireto na karɓar irin wannan juyi, amma tukunyar CNG na ɗauke da matsin da ya kai bar 200, ba tukunyar girki ba ce, ba kuma aikin mai waldar unguwa ba ne. Sai cibiyar da aka amince da ita, sannan sai an tabbatar akwai inda za a riƙa cikawa a kusa.

Batun lantarki ya fi burgewa. Segun Oyeyiola, ɗalibi a jami'ar Obafemi Awolowo, ya ja hankalin duniya a 2014 da Bosuwajar da ya mai da mai aiki da hasken rana da iska, Mustapha Gajibo kuma ya mai da ƙananan bas-bas masu lantarki a Maiduguri. Hukumar NADDC ta buɗe tashar cajin mota mai aiki da sola a jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021. Abin mai yiwuwa ne. Sai dai batirin litiyam da zai ja mota mai nauyin fiye da tan ɗaya da dala ake sayensa, yana buƙatar na'urar kula da caji da zafi, kuma idan ya kama wuta bokitin ruwa ba ya kashe shi. Tara tsofaffin batiran kwamfuta a haɗa su da gam a sa a bayan mota, kamar yadda ake gani a wasu bidiyoyi, ganganci ne. Iyalin da ke son wannan hanya su fara tayar da motar a kan injinta, su koyi lantarki a kan babur ko keke, sannan su nemi malaman sashen injiniyanci su tsaya a kai.

Filin da ya riga ya samu

Abin da Wally Parks ya nema wa matasan Kalifoniya, wato wurin nuna aiki a ƙarƙashin doka, Kebbi na da shi tun tuni. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma UNESCO ta sa shi a jerin al'adun duniya a 2016, ya daɗe da sashen gangamin motoci. A bikin Maris 2020, wanda aka yi bayan kusan shekara goma ba a yi ba, NADDC ta jagoranci ayarin motocin da aka haɗa a Najeriya daga Abuja har Argungu. Kamfanoni ne suka cika ayarin da sababbin motocinsu.

Babu abin da zai hana masarautar Argungu da gwamnatin jiha su ƙara rukuni ɗaya na tsofaffin motocin da iyalai suka tayar da hannunsu. Ba tsere ba: jami'an FRSC da VIO su duba burki da taya da takardu a Birnin Kebbi, ayarin ya taso a hankali ta Ambursa, a jera motocin kusa da gidan tarihi na Kanta, murfin gaba a buɗe. Alƙalan su kasance dattawan makanikai da malaman Waziri Umaru, kuma sharaɗin shiga ya zama cewa ƙaramin yaro ko yarinyar gidan ne zai tsaya ya yi bayanin abin da aka yi wa injin, ya amsa tambayoyi, ya nuna hotunan yadda motar take ranar da aka janyo ta daga gindin darbejiya.